Lambar P25A9 ta fito min, bakanike ya ce sai an buɗe inji. Ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a. Motata mai injin fetur ce mai turbo, lita 2. Fitilar inji ta kama ta ƙi mutuwa, na kai aka sa kwamfuta, sai ta nuna P25A9, wai matsala a tsarin da ke sarrafa man da ke sanyaya fistin. Mota tana tashi lafiya, ba ƙara, ba hayaƙi, ruwa ba ya tafasa, fitilar mai ma ba ta kama ba. Amma bakaniken da ya duba ya ce bututun da ke fesa wa fistin mai ne suka toshe, sai an sauke kaskon mai an buɗe ƙasan inji. Zuciyata ba ta kwanta ba. Masu sani ku taimaka, kuma zan iya ci gaba da hawa kafin a gyara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, goge lambar kawai ka ci gaba da harkarka. Motocin zamani ba su da aiki sai ƙorafi.

Amsa ta biyu, daga mai gyaran wayar mota:
Haba, kada ka bi wannan. In ka goge za ta dawo, don kwamfutar mota tana gwada layin nan da kanta. Amma shi ma bakanikenka ya yi gaggawa. Ita P25A9 ma'anarta layin lantarkin ya yanke, wato kwamfuta ta nemi solonoyid, bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa fistin mai, ba ta same shi ba. Ƙannenta P25AA da P25AB su ma na lantarki ne, ɗaya wuta ta yi ƙasa, ɗaya ta yi sama. Bututu ko ya toshe da datti ba zai yanke waya ba. To me ya kawo maganar sauke kasko?

Ka fara da soket ɗin solonoyid. Cire shi ka leƙa: ko mai ya shiga ciki, ko ƙarfen ya yi kore, ko ɗan makullin robar ya karye yana rawa. Wurin yana shan zafi da jijjiga, waya takan tsinke a cikin rigarta daidai bakin soket, daga waje ka ga kamar lafiya lau. Sai a sa mita a kan ƙafafun solonoyid ɗin biyu a auna. In mita ba ta nuna komai ba, naɗin wayar cikinsa ya yanke, canji kawai. In ta nuna, a kwatanta da abin da littafin injinka ya rubuta, don kowane kamfani da nasa adadin. Bayan nan a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a ga ko wutar batir, wajen bolt 12, tana zuwa soket. In ba ta zuwa, a koma kan fiyus. In tana zuwa, saura ɗaya wayar da ke tafiya kwamfuta, don galibi ta nan take kunna shi da kashe shi. A auna ta daga baki zuwa baki, ana girgiza ta ana kallon mita.

Kwamfutar kanta ita ce ta ƙarshe a zargi. Duk wanda ya fara da cewa ita ce, riƙe aljihunka.

Mai tambaya:
Na gode Oga. Amma ni ban ma gane ba, me ya sa za a sa wa abin da ke sanyaya fistin makunni? Ba kullum ya kamata yana fesawa ba?

Amsa ta uku, daga wani tsohon bakanike:
Tambayarka ta yi kyau ɗan'uwa. Kan fistin shi ke karɓar wutar konewa kai tsaye, kuma ruwan lagireto ba ya kai masa, yana zagaya bangon silinda da kan inji ne kawai. Shi ya sa aka dasa ƙananan bututu a ƙasa suna watsa mai a cikin cikinsa, man ya kwashi zafin ya gangara kasko. A tsofaffin injuna bututun nan ba ruwansu da lantarki ko kaɗan: 'yar ƙwallo ce da sifirin, matsin mai ya kai wani mataki ta buɗe da kanta. Sababbi kuma aka ga in inji yana da sanyi, ko ana tafiya a hankali, fesawar asara ce. Tana hana fistin ɗumama da wuri, tana ƙara wa famfon mai aiki, fetur na tafiya a banza. Sai aka ba kwamfuta iko ta rufe lokacin da ba a buƙata, ta buɗe in an taka ko an ɗauki kaya.

Misali injin EA888 ƙarni na uku na Volkswagen da Audi. Bawul ɗin sunansa N522, kuma dabarar da suka yi ta burge ni: sai an ba shi wuta ne fesawa ke tsayawa. Waya ta yanke, mai ya ci gaba da fesawa. Akwai kuma makunnin matsin mai, F447, a kan layin bututun, da shi kwamfuta ke tabbatar da cewa man ya isa da gaske. Amma ba kowane inji aka yi haka ba, don haka ka bincika naka ta wane gefe yake faɗawa in wuta ta ɗauke. Wannan ne amsar tambayarka ta ko za ka iya hawa. In a rufe yake tsayawa, fistin zai yi ta cin zafi ba ka sani ba, allurar zafin ruwa tana zaune daram a tsakiya, har fistin ya kumbura ya goge bangon silinda. Kafin ka tabbatar, kada ka taka da ƙarfi, kada ka hau tudu da kaya, kada ka yi doguwar tafiya da gudu.

Amsa ta huɗu:
Ƙari kan maganar Baba: ko da lambar ta lantarki ce, zaro sandar mai ka duba, ba ya cin komai. Kuma rashin kamawar fitilar mai ba shaida ba ce, sai matsi ya faɗi sosai take kamawa. In an gyara waya sai wata lamba ta fito mai cewa bawul ya maƙale, a nan ne za a ɗaura agogon auna matsin mai, inji da zafinsa, a duba kaurin man da filta. Maganar bakanikenka sai bayan wannan take da wurin zama.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Mun cire soket, ƙafa ɗaya ta yi kore, wayar kuma da aka ja ta kaɗan sai ta fito a hannu. Solonoyid ya auna daidai. Wanda ke min gyaran yana so ya murɗe wayar ya naɗe da tef.

Mai gyaran wayar mota:
A'a, kusa da inji tef ba ya daɗewa, zafi da mai za su sake shi. A sa sabon soket mai wutsiyar waya, a haɗa da kyau a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a ɗaure wayar yadda ba za ta taɓa ƙarfe mai zafi ba. Sannan a goge lambar, in kwamfutar gwajin tana iyawa a umarci bawul ɗin ya kunna a ji ƙarar motsinsa, ka fita da motar har inji ya yi zafi sosai, a sake karantawa.