Neman shawara: zan saya wa yarona doki amma ba ni da turke

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana harkar dawaki ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Yarona shekararsa tara, tun da aka kai shi kallon Hawan Daushe ba shi da zance sai doki. Marigayi mahaifinmu mahayi ne, a gidanmu na cikin gari har turke biyu gare mu, amma da aka raba gado aka sayar da gidan, ni kuma yanzu haya nake a nan Kano, mai gidan ko akuya bai yarda a ɗaure ba. Na yi wa yaron alkawari in ya sauke izu goma zan saya masa, ga shi ya sauke. Mahaifiyarsa ba ta so, ƙanena kuma cewa yake almubazzaranci ne.

Wani dillali ya nuna mini akawali, wato baƙin doki, ya ce shekararsa uku, ɗan Arewa ne, bai cika tsayi ba. Barga kuma na ga biyu. Ɗaya kusa da mu, da araha, dawaki a turke ƙarƙashin rumfar kwano. Ɗayar da nisa, ɗaki-ɗaki ce, kuɗin wata ya kusa ninki biyu. Wacce zan ɗauka? Kuma me ake dubawa a jikin doki kafin a biya?

Dattijon Barga:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara daga inda ya kamata ka ƙare. Barga ake fara samu kafin doki. Ka koma duka biyun ba tare da ka sanar ba, sau ɗaya da sassafe, sau ɗaya da azahar. Da safe za ka ga ko an kwashe kashi da fitsari. In warin fitsari ya buge ka tun daga ƙofa, juya, wannan shi ke ruɓar da ƙasan kofato yana kuma sa tari. Da azahar za ka ga ko akwai ruwa a gabansu. Doki yana shan lita 25 zuwa 40 a yini, a bazarar Kano har ya wuce haka. Bargar da ake shayarwa safe da yamma kawai ba barga ba ce.

Kar ka tsaya kan dokin mai bargar, shi kullum sumul yake. Dubi na 'yan ajiya irinka: haƙarƙari a waje ne? Akwai miki a gadon baya? Kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne? Sannan ka ce a buɗe maka ɗakin abinci, ka ɓare damin harawa ka sansana tsakiyarsa. In ka ga fari-fari ko ƙura ta tashi, ya yi fumfuna, ciwon ciki ne ke jira. A komi ake zuba abinci ko a ƙasa? Dokin da ke ci a kan rairayi yana haɗiye yashi, ya taru a hanji, wata rana ka ji an ce cikinsa ya murɗe. Ɗaki kuma kada ya gaza mita 3 da rabi kowane gefe, don ya kwanta ya tashi bai maƙale da bango ba.

Akawalin nan kuwa ka manta da shi. Ɗan shekara uku da ɗan shekara tara, wa zai koya wa wani? Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Baban Khalifa:
Na gode Baba. Amma dokin fa lafiyayye ne, a gabana wani yaro ya hau shi ba ko sirdi, bai yi tutsu ba. Kuma tunanina su girma tare su saba.

Dattijon Barga:
Yaron dillali ne ya hau, wanda a bayan doki ya buɗe ido. Naka ya taɓa riƙe linzami? Ba ka faɗa mana ba. Kuma ƙarfe nawa aka nuna maka shi? In da yamma ne, an riga an gajiyar da shi da sukuwa tun safe, wasu ma har allura suke yi masa ya yi laushi. Ka je da asuba ka ce a kama shi a gabanka, a sa ragama, a ɗaura sirdi, a ja majayi. Nan halinsa zai fito: cizo, harbi, ko noƙe kunne. Dokin da ake nema wa yaro shi ne mai shekara takwas zuwa sha biyar, wanda ya sha hawa, ya saba da ganga da algaita da ƙarar bindiga.

Likitan Dabbobi:
Bari in ƙara a kan shekaru, don bakin dillali ba hujja ba ne, bakin doki ne hujja. Haƙoran gaba na tsakiya suna famfara a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi. A shekara biyar baki ya cika, namiji kuma fiƙarsa ta fito. In ka ga ƙananan haƙora farare tas a gefe, na nono ne, bai kai biyar ba. Wajen shekara goma wani layi yakan fara saukowa daga dasashi a haƙorin gefe na sama.

Ƙafa ita ce dokin. A ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, kai kana kallon kansa. In yana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka, wannan ƙafar ke ciwo. A naɗe kowace ƙafa a riƙe kamar minti ɗaya, a saki a ja shi nan take, ɗingishin da aka ɓoye zai bayyana. Shafa daga gwiwa zuwa kofato, zafi ko kumburi alama ce. Kofato mai zobe-zobe da suka buɗe ta wajen dunduniya yana nuna ya taɓa kamuwa da ciwon kofato na yawan hatsi, kuma yakan dawo. Ƙuraje masu ruwa da suka jeru a ƙafa ko wuya kamar carbi, kar ka saya ko kyauta ce, yana yaɗuwa kuma maganinsa wahala. Dasashi ya zama ja-ja mai haske. Fari ko rawaya yana nuna ciwon kaska ko ƙarancin jini. A lafiyayyen doki, zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti in yana hutawa.

Inda na saɓa da Baba: ni da za a ji tawa, goɗiya mai hankali ko dandaƙaƙƙen doki za a nema wa yaron, ba ingarma ba komai shekarunsa.

Dattijon Barga:
Likita, a ina ka taɓa ganin an shiga hawa da goɗiya a tsakiyar ingarmu? So kake a tattake yaron mutane? Wannan karatun littafi ne. Mu nan ingarma muke hawa tun kaka da kakanni, ladabi ake ba shi.

Likitan Dabbobi:
Ai Baba shi bai ce hawan Sallah zai sa yaron ba, koyo zai fara. Shi ya sa na ambaci dandaƙaƙƙe, shi ba ruwansa da faɗan ingarmu.

Ɗan Zagi:
Ku bar batun goɗiya, matsalar tana wajen yaran barga. Ka biya kuɗin gero da dusa, rabi ya tafi kasuwa. Ranar Asabar a ba da dokinka hayar hawan angwanci, a dawo da shi da miki a baya da tsagar linzami a baki, a ce maka da turke ya goga. Haka aka yi wa nawa a wata barga, har yau ba a biya ni ko kuɗin magani ba. Ka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu: abin da kuɗin wata ya ƙunsa, wa ke sayen harawa in ta yi tsada kafin damina, wa ke kiran likita, wa ke biyan gyaran kofato duk bayan sati shida zuwa takwas, kuma ba mai hawansa sai da izininka. Ni ta kusa zan ce ka ɗauka ko da turke ce, don dokin da mai shi ke leƙawa kullum ba a yi masa wasa.

Maman Yara:
Ni abin da ban ji kowa ya ambata ba shi ne hular kwano. Kuma likkafa ta zama daidai ƙafar yaro, da takalmi mai dunduniya, don in ya faɗo kada ƙafa ta zarce ciki doki ya ja shi. Yaya, uwar yaron tana da gaskiya ta ji tsoro. Me zai hana ka biya a koya masa wata uku a kan dokin barga tukuna? Yara da yawa wata biyu suke yi zumuɗin ya wuce, a bar uba da ciyarwa.

Dattijon Barga:
Turke a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu gasa doki ne, Ɗan Zagi. Sai in rumfar na da tsayi kuma an shimfiɗa zana a sama. Sannan dokin turke dole a fita da shi kilisa kullum, in ba haka ba ƙafafu su kumbura, ranar da yaro ya hau ya zabura da shi. Mai ɗakuna ta fi. Abinci kuma a ba shi gero ya ƙoshi, da kanwa a ruwa duk mako, ka ga gashi na sheƙi.

Likitan Dabbobi:
Geron nan a yi hattara. Ƙaramin doki mai kilo 300 yana buƙatar kamar kilo 5 zuwa 6 na ciyawa da harawa a yini, shi ne asalin abincinsa. Hatsi kaɗan, a raba biyu ko uku, kada ya wuce kilo ɗaya a ci guda, wanda yaro ke hawa ma ko rabin haka ya isa. Hatsi da yawa ga dokin da ba ya aiki shi ke kawo tutsu da ciwon kofato. In za a sauya abinci a yi a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma. Gishirin lasa ya fi mini kanwa, don shi da kansa zai lasa daidai buƙatarsa. Sabon doki a ware shi sati biyu zuwa uku, a ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa, a yi masa rigakafin tetanus allura biyu, tsakaninsu sati huɗu zuwa shida. Abu biyu na kisa: abincin kaji mai maganin monensin, da wankan kaska na shanu mai amitraz. Ka tambayi mai barga da me yake wanke kaska, amsarsa za ta gaya maka ko ya san aikinsa.

Baban Khalifa:
Duk na karanta, Allah ya saka da alheri. Sai dai ban faɗa muku ba, na riga na ba da kafin alƙalami a kan akawalin, kuma yaron ya gan shi har ya raɗa masa suna. Dillalin ya ce ranar Alhamis zai wuce da shi kasuwar Maigatari in ban cika ba. Batun koyo kuma, ai jinin mahaya ne, mu ma ba wanda ya kai mu makaranta. Ba yadda za a yi a ba wani ya hore shi wata biyu kafin Khalifa ya fara hawa?

Dattijon Barga:
Kowane dillali Alhamis zai tafi Maigatari. Nawa ka bayar?

Ɗan Zagi:
Horon wata biyu ba ya mai da ɗan shekara uku dokin yara. Amma in ka nace, wa zai hore shi, kuma a wace bargar? Har yanzu ba ka ce ga wadda ka zaɓa ba.

Baban Khalifa:
Mai arahar ce ta ce suna da mai horo. Gobe in sha Allah zan ɗauko hoton haƙoransa in turo, Likita ka duba mini.