Maigidana yana kwana da injin numfashi kuma yana shan giya, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Shekararmu 14 da aure, yaranmu huɗu. Maigidana dama mai minshari ne tun ina amarya, amma shekara biyu da suka wuce abin ya canza, sai yana cikin minsharin ya yi ɗif kamar an toshe masa hanci da baki, wani lokacin ina ƙirgawa har ashirin kafin ya zabura ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da rana kuma gyangyaɗi ko'ina har a kan sitiyari. An yi masa gwajin barci a Abuja aka ce numfashinsa na tsayawa ko raguwa sau 41 a awa ɗaya, aka rubuta masa injin nan CPAP mai hura iska ta tiyo, kuma wallahi mun ga sauƙi.

Damuwata ita ce yana shan giya. Ba kullum ba, daren Juma'a da Asabar. Dan Allah kar a zage shi, uban 'ya'yana ne, na san hukuncin abin shi ma ya sani, kullum cikin yi masa addu'a nake. Wata ƙawata ta ce in mutum ya sha giya ya sa injin, iska za ta cika masa ciki ya mutu cikin barci, tun daga lokacin duk daren da ya sha sai in bari barci ya ɗauke shi in zare masa takunkumin. Shi ma cewa yake ranar da ya sha ya fi samun barci. Amma ni da nake zaune a kansa ina ganin a daren ne ɗaukewar ta fi daɗewa. Kuma da likita ya tambaye shi ko yana sha cewa ya yi a'a, ina zaune a wajen. Ya zan yi?

Maman Biyu: Innalillahi. Allah Ya shirya miki shi 'yar uwa, Ya saka miki da kika rufa masa asiri. Masana lafiya na gidan nan ku taimaka mata.

Anti Nas: Ƙanwata ki daina zare masa, daga yau. Ƙawarki ta faɗa miki abin a juye ne. Ciwon nan naman maƙogwaro da tushen harshe ne ke saki in mutum ya yi barci su rufe hanyar iska, in iska ta yi ƙasa a jini sai ƙwaƙwalwa ta zabure shi, wannan zaburar da kike gani ita ke ceto shi. To giya tana ƙara sakin naman nan, sannan ta dakushe ƙwaƙwalwar ta kasa tashinsa da wuri, shi ya sa kike ganin ɗaukewar ta fi tsawo, idonki bai yi miki ƙarya ba. Tana kuma toshe hanci. Wanda yake wuce sau 30 a awa ana lissafa nasa cikin mai tsanani, shi 41 gare shi ba tare da ya sha komai ba, ki duba in an ɗora giya a kai kuma babu inji. Daren da ya sha shi ne daren da ya fi buƙatarsa. Iskar kan ɗan shiga ciki ta sa kumburi da gyatsa ga wasu, amma wannan ba abin kisa ba ne. Barci mai daɗin da yake faɗa kuwa nauyin giya ne kawai na farkon dare, wajen ƙarfe uku za ki ga ya fara juye-juye da tashi fitsari.

Baban Grace, Jos: Ni shekarata biyar da injin nan kuma da ina sha, ba zan ɓoye ba. Abin da ya sa na yarda shi ne allon injin da kansa, da safe yana nuna sau nawa numfashi ya tsaya a awa. Daren da ban sha ba sai in ga 2 ko 3, ranar da na sha kwalba uku sai ya haura 10 duk da ina sanye da shi, ga ciwon kai da bushewar baki. Madam ki riƙa ɗaukar hoton allon kullum da safe har sati uku ki nuna masa, namiji zai yi gardama da matarsa amma lambar da ya gani da idonsa sai ya yi shiru. Ki duba kuma ko nasa mai ƙarfin iska guda ne da aka saita, domin an auna shi ne a daren da bai sha ba, yana iya gaza masa. Akwai wanda ke ƙara iska da kansa. Ku dai kar ku taɓa saitin da kanku.

Hajiya Babba: 'Yata wannan ba na ɓoyo ba ne, rai ake magana. Ki samu yayansa ko wani da yake jin nauyinsa.

Ummu Sadik: Hajiya a yi haƙuri, in ta fara da dangi zai iya ɗauka tonon silili ne ya ƙara nisa. Ni a ganina likita ne farko.

Mai tambaya: Na gode sosai, jikina har rawa yake da na gane abin da nake yi. Anti Nas to in ya yi amai fa alhali takunkumin na fuskarsa? Nasa mai rufe hanci da baki ne. Kuma wani lokacin in ya farka tsakar dare yana shan ƙwayar D5 wai ya koma barci.

Anti Nas: Tambayar aman tana kan hanya, nan ne haɗarin gaske yake, domin amai cikin takunkumi mai rufe baki yana iya komawa huhu. In ya shigo a buge sosai yana tashin zuciya ko ba zai iya cire takunkumin da hannunsa ba, kar a sa tukuna, ki kwantar da shi ta gefe ki tokare bayansa da filo, ban da rigingine, ki zauna kusa, in ya dawo hayyacinsa zuciyar ta kwanta sai ya sa. In kin tashe shi ya ƙi tashi, ko numfashin ya yi sanyi sosai, ko leɓensa da farcensa sun canza launi, asibiti kai tsaye komai dare. Ku tambayi likita ko mai rufe hanci kaɗai zai yi masa.

Maganar D5 ita ta fi tayar min da hankali. Diazepam ce, aikinta ɗaya da giya wajen danne ƙwaƙwalwa da numfashi, haɗa su ga mai wannan ciwon yana iya kashewa. Haka tiramadol da maganin tari mai kodin. Wannan kam dole likita ya sani, ki lallaɓa shi ku koma tare ya faɗi gaskiya, sirri ne tsakaninsu, ba wanda zai kai shi gaban kowa. In ya jima yana shan ƙwayar a kai a kai kar ya yanke lokaci ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali, haka ma giyar ga wanda ya saba kullum, yankewa farat ɗaya na kawo rawar jiki har da jijjiga. Kafin Allah Ya yaye masa, hanta na ɗaukar kusan awa guda kafin ta sarrafa kowane ƙaramin kofin giya, to ko awa uku zuwa huɗu ya bari tsakanin shan ƙarshe da kwanciya, kuma kar ya tuƙo kansa gida.

Baban Grace, Jos: In kuna da hali ku haɗa injin da inbata, ɗauke wuta tsakar dare ga wanda ya sha ba zai ma ji injin ya tsaya ba.

Mai tambaya: Jiya Asabar ya sha amma yana cikin hankalinsa, na bar masa injin har asuba, na kwantar da shi ta gefe, ni dai ban runtsa ba. Allon ya nuna 9, na ɗauki hoto. Ƙwayar na ɗauke ta daga gefen gado, da safe na faɗa masa dalili ya yi shiru bai ce komai ba. Ranar Laraba muke da ganin likita, ban san ko zai yarda in shiga tare da shi ba, ku sa mu a addu'a.