Google Chrome ya ƙi buɗewa bayan na kwaso fayilolina zuwa sabuwar kwamfuta

Bakatsine:
Assalamu alaikum. Tsohuwar kwamfutata mai Linux Mint ta mutu farat ɗaya ina cikin aiki da Google Chrome, kuma daga nan ba ta sake kunnuwa ba. Mai gyara ya ciro faifan ajiyarta, ya kwafe mini foldar gida gaba ɗaya zuwa wata sabuwa, ita ma mai Linux Mint. Duk takarduna suna nan, amma idan na danna alamar Chrome babu abin da yake fitowa. Da na kira shi daga Terminal, wato tagar rubuta umarni, sai ya rubuto cewa wani aikin Chrome yana amfani da bayanaina a kan wata kwamfuta, har ya ambaci sunan tsohuwar, wadda yanzu haka take kwance a shagon mai gyara. Wani ya ce in goge foldar google-chrome baki ɗaya, sai dai a cikinta ne shafukan da na adana da kalmomin sirrina na shekaru suke. Don Allah akwai wata hanya?

Mai_Horar_da_Ɗalibai:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka goge wannan folda, domin abin da ya tare maka hanya ɗan ƙaramin abu ne a cikinta. Duk lokacin da Chrome ya tashi a Linux, yakan ajiye alamar kulle mai suna SingletonLock a ~/.config/google-chrome (alamar ~ tana nufin foldar gida), kuma wannan alama tana ɗauke da sunan kwamfutar da lambar aikin da ke gudana a lokacin. Idan an rufe manhajar yadda ya kamata, takan cire alamar da kanta, amma taka ba ta sami wannan dama ba. Da a ce a kan kwamfuta ɗaya ne, Chrome zai duba ya ga lambar aikin ba ta raye, ya share kullen ya wuce. To, yanzu sunan da ke jikin kullen ya saɓa da na kwamfutar da kake kai, shi kuma ba shi da hanyar leƙa wata na'ura ya tabbatar an daina aiki a can, saboda haka ya zaɓi ya tsaya maimakon ya jefa bayananka cikin haɗari.

Ka fara rubuta pgrep -a chrome don ka tabbatar babu wani Chrome da ke aiki a ɓoye. Idan bai nuna komai ba, to babu. Sannan ka rubuta ls -l ~/.config/google-chrome/Singleton* ka kwatanta sunan da ka gani da wanda umarnin hostname ya ba ka. Idan sunan tsohuwar ne, sai ka rubuta rm ~/.config/google-chrome/Singleton* wanda zai cire abubuwa uku kawai, wato SingletonLock da SingletonCookie da SingletonSocket. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke riƙe da bayananka, kuma Chrome zai ƙirƙiri sababbi da ya tashi.

Hajiya_Injiniya:
Bayanin da ke sama daidai yake, sai dai ina roƙon ka yi kwafin foldar kafin ka taɓa komai, da umarnin cp -a ~/.config/google-chrome ~/kwafin-chrome. Dalilina shi ne tauraron da ke ƙarshen umarnin gogewa: idan hannunka ya kuskure ka bar sarari tsakanin kalmar Singleton da tauraron, umarnin zai share fayilolin da ke cikin foldar da kake tsaye a kanta, kuma abin da rm ya goge ba ya shiga kwandon shara balle a dawo da shi. Idan hankalinka bai kwanta da rubuta umarni ba, ka buɗe foldar gida, ka danna Ctrl da H don ɓoyayyun foldoji su bayyana, ka shiga .config sannan google-chrome ka goge ukun nan ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma abin da nake so masu karanta wannan zare su riƙe, domin na sha ganin ana ɗaukar duk wani kulle a matsayin shara. A ofisoshi da makarantun da ake ajiye foldar gida a babbar na'ura guda, kowa yana shiga daga kwamfutar da ya samu, saƙon nan yakan zama gaskiya ce tsagwaronta: an bar Chrome a buɗe a wani ɗaki. Tarihin shafuka da kalmomin sirri suna cikin fayilolin SQLite ne, wato wani nau'in rumbun adana bayanai, kuma idan manhajoji biyu suka riƙa rubutu a kansu lokaci guda, suna iya lalacewa. Haka ma kullen /var/lib/dpkg/lock na tsarin girka manhajoji: sau da yawa sabunta manhajoji ne ke gudana a bayan fage, don haka jira ne maganinsa. Kai dai naka ya fita daban, tunda kwamfutar da ake magana a kanta ba ta ma kunnuwa.

Ɗan_Maraɗi:
Ƙari kaɗan game da kalmomin sirri, ɗan'uwa. Chrome yakan ɓoye su da mabuɗin da ke cikin ~/.local/share/keyrings, saboda haka idan aka tambaye ka kalmar buɗe ma'ajiyar mabuɗai, ta shiga tsohuwar kwamfutar ake nufi, ba ta sabuwar ba. Masu Chromium, ɗan'uwan Chrome, da aka girka ta tsarin snap a Ubuntu kuma su nemi kullen a ~/snap/chromium/common/chromium.

Bakatsine:
Allah Ya saka muku da alheri. Na yi kwafin tukuna kamar yadda Hajiya ta ce, umarnin pgrep bai nuna komai ba, kuma sunan tsohuwar kwamfutar na tarar a jikin SingletonLock. Ina goge ukun Chrome ya buɗe, har ya tambaye ni ko ina son ya dawo da shafukan da nake kai ranar da ta mutu. Ma'ajiyar mabuɗai ta karɓi tsohuwar kalmar sirrina, kuma na duba na ga komai yana nan.