Shirina na C ya ƙi fitowa daga folda, a ba ni shawara

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen C a kan Linux, ya zaga folda ya tara girman fayilolin ciki, har na ƙananan foldojin. Da opendir mai buɗe folda da readdir mai karanto sunayen ciki nake aiki. Da na kunna sai ya yi ta juyawa, can ya tsaya da "Too many open files". Ina matsalar take?

'Yar Kongo: Wa alaikumus salam. Sa shirin ya buga duk sunan da readdir ya miƙo maka. Za ka ga ɗigo ɗaya da ɗigo biyu a ciki. Ɗigo ɗaya foldar da kake ce, biyu kuma uwarta. In ba ka tsallake su ba, shirin zai yi ta sake shiga inda yake, yana buɗe sabuwa bai rufe ta baya ba, har ya ƙure iyakar buɗaɗɗun fayiloli 1024 da yawancin Linux ke ba shiri guda. Buga ulimit -n ka ga taka. Kuma da strcmp, mai gwada suna da suna, za ka gane ɗigogin nan. Kada ka ce duk sunan da ya fara da ɗigo a watsar, sai .git da .bashrc su faɗi daga lissafi.

Ɗan Samaru: Wallahi shi ne, Yaya. Na gode.

Malamin Tudun Wada: Tsaya tukuna, da sauran aiki. Abin da nake so ka riƙe shi ne readdir suna yake ba ka, ba girma ba, ba cikakkiyar hanya ba. Girma sai ka tambayi lstat. Na ce lstat, ban ce stat ba, domin stat yana bin symlink, wato fayil mai nuni zuwa wani fayil ko folda, zuwa inda ya nuna, in kuwa ya nuna folda ta sama ka sake faɗawa zagayen da ka fito. Haɗa hanya da hannu ma yana da haɗari in foldoji sun yi zurfi, gara ka ɗauki lambar buɗaɗɗiyar foldar da dirfd, ka ba fstatat tare da AT_SYMLINK_NOFOLLOW mai hana bin symlink. Sannan readdir NULL yake dawowa da shi ko ya gama ko ya samu matsala. Mayar da errno, inda ake ajiye lambar kuskure, sifili kafin kowane kira, ka duba bayansa. Yawancin ɗalibai nan suke sakaci, shirin ya karanta rabin folda su ɗauka ya kammala.

Mai gyara a PZ: Malam, ai d_type, nau'in fayil da readdir ke bayarwa tare da suna, ya isa a gane folda, kuma ya fi sauri.

Malamin Tudun Wada: Ya fi sauri, gaskiya ne. Amma ba kowane tsarin ajiya ke cika shi ba, wani DT_UNKNOWN zai ba ka, wato bai san nau'in ba. A yi amfani da shi, a ajiye lstat don irin wannan ranar.

Na Sabon Gari: Ni dai shawarata, me ya kai ka wannan wahala? nftw, mai zaga folda da kansa, na nan, ka ba shi FTW_PHYS ya zaga maka ba tare da bin symlink ba. In ba dole sai C ba, Python na da os.scandir tun 3.5, C++17 na da recursive_directory_iterator.

'Yar Kongo: A wurin aiki na yarda da kai. Amma shi koyo yake, ya rubuta da hannunsa sau ɗaya tukuna. Ƙanena, in ka ga tsohon misali da readdir_r a intanet ka wuce shi, glibc, laburaren C na Linux, ta daina ba da shawararsa tun sigar 2.24. In kana son sunaye a jere kuma, scandir da alphasort, don readdir ba ya jerawa.

Ɗan Samaru: Ya yi aiki! Sai dai jimlata ta sha bamban da ta du, umarnin Linux mai auna girman folda.

Malamin Tudun Wada: Dole. Kai st_size, girman abin da ke cikin fayil, kake tarawa, shi du wurin da fayil ya ci a faifai yake ƙirgawa. Ninka st_blocks da 512 ka gwada. Kuma fayil ɗaya mai suna biyu sau ɗaya yake lissafa shi, saboda haka in st_nlink, yawan sunayen fayil, ya wuce 1, ajiye st_dev da st_ino, lambobin da ake gane fayil da su, don kada ka maimaita. Turo mana abin da ya fito.