Cin abinci ya zame mini azaba, an ce jijiyar jini ce ta matse: in yarda a yi mini aiki?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 27, ina da aure da yaro ɗaya. Shekara biyu ke nan, duk sanda na ci abinci ba a rufa minti ashirin sai ƙahon zuciyata ya ɗauki ciwo kamar ana murɗa shi, ga tashin zuciya. Sai na durƙusa na haɗa gwiwa da ƙirji nake samun sa'ida. An ce olsa ce, na sha magani har na gaji. An zura mini kyamara ta baki, ba a ga gyambo ba. Daga kilo 61 na dawo 48, ɗinkin sallar bara sau biyu tela yana rage shi. Zan tuƙa tuwo in zuba wa maigida da yaro, ni in koma gefe da kunu rabin kofi. Dangi sun ce sammu ne.

Wata biyu da suka wuce wani likita ya ɗora abin sauraro a cikina, ya ce yana jin ƙarar wucewar jini, ya tura ni hoton CT na jijiyoyi. Ya ce sunan ciwon MALS: wata igiyar tsoka ta tantanin da ya raba ƙirji da ciki ce ta sauko ta danne jijiyar da ke kai jini tumbi da hanta da saifa. Ya ce sai tiyata. Maigida har ya fara cigiyar mai sayen filinsa don mu tafi Indiya ko Masar. Akwai wadda aka taɓa yi wa? Ana warkewa kuwa? Tsoro nake ji, wallahi.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki. Ki ce wa maigida ya dakata da batun fili tukuna. Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci a wannan ciwo, domin mutane da dama ana ganin wannan matsewa a hotonsu alhali lafiyarsu lau. Shi ya sa sai an tabbatar ba matsarmama ba ce, ba ƙwayar cutar olsa ba ce, ba wani ciwon hanji ba ne. Akwai kuma sikanin da ke auna gudun jini a jijiyar, a ce ki ja numfashi, a ce ki sake shi. Idan ciwon ne, matsewar tana tsananta lokacin fitar da numfashi, gudun jinin yakan haura santimita 200 a daƙiƙa. Ki tambaya ko an yi miki wannan. Kuma ba sabon ciwo ba ne, tun 1963 wani likita mai suna Harjola ya bayyana shi, wani likitan kuma, Dunbar, ya biyo baya a 1965. An fi ganinsa a mata masu shekaru irin naki.

Hajiya daga Maraɗi: Allah ya ba ki lafiya, ɗiyata. Addu'a kada ki bari, asibiti ma kada ki bari. Amma jiƙe-jiƙen da za a yi ta kawo miki, ki ajiye su, cikin da ba ya riƙe kunu ba zai iya da su ba.

Wata 'yar uwa, Abuja: Ni an yi mini, shekara uku ke nan. Ƙananan huji aka yi a cikina aka shiga da kyamara, aka yanke igiyar, aka kuma saki jijiyoyin jin zafi da ke kewaye da wurin, don su ma suna cikin abin da ke kawo ciwon. Kafin nan an yi mini allurar kashe zafi a waɗannan jijiyoyin don gwaji. Ranar na ci shinkafa da wake faranti guda ba ciwo, ina kukan murna, mijina yana tsaye a kaina. Wannan ne ya ba likitana ƙwarin gwiwa. Zan gaya miki gaskiya: bayan aikin na yi watanni ina fama da gudawa da kumburi kafin cikina ya daidaita, kuma na san wadda ciwonta ya dawo. Ki tambayi likitan ido da ido: sau nawa ya taɓa yin irin wannan aikin? In jijiya ta fashe ana tsakiyar aiki, akwai likitan jijiyoyin jini a ɗakin? In bayan an saki igiyar jijiyar ta ƙi buɗewa, me zai yi? Wanda ya ce zai saka miki bututu a jijiyar ba tare da ya yanke igiyar ba, ki nemi ra'ayin wani.

Wani yaya, Zariya: Ƙanwata, ki karɓi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, sashen tiyata, ki riƙe faifan hoton da kansa, ba takardar sakamako kaɗai ba. In ma fitar ce ta kama, a fara aika musu hoton su duba kafin a sayi tikiti.

Ma'aikaciyar jinya: Na manta. Kafin lokacin, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a rana, abu mai laushi mai gina jiki: ƙwai, madara, kunun gyaɗa, faten dankali. Jiki mai ƙwari ya fi jure tiyata. Batun azumi kuma ki tattauna da likitanki da malami.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Sikanin numfashin nan ba a yi mini ba, allurar gwajin ma yau na fara jin labarinta. Na karanta wa maigida duka, ya ce ranar Litinin za mu koma da faifan. Anti ta Abuja, don Allah kwana nawa kika yi a kwance? Yarona bai cika uku ba, ina so in san wa zan bar wa shi.