Shawarwarin masu lambu kan furen iris mai gemu

Iris mai gemu shukar ado ce da furenta ke da ɗan gashi kamar gemu, kuma da masu lambu suka tattauna a kanta, inda aka fi daɗewa shi ne zurfin shuka. Saiwar wannan fure kauri gare ta kamar ɗanyar citta, kuma ba ta son binnewa: a bar bayanta a fili, rana ta doke shi aƙalla awa 6 kullum. Wanda ya tula mata ƙasa, ganye zai girba, ba fure ba.

Ruwa kuwa kaɗan. In ya kwanta, saiwar kan ruɓe ta yi laushi, ga wari. Sai a sa wuƙa a yanke wurin.

Bayan shekara 3 ko 4 saiwoyin sukan cunkushe. A Ingila da Amurka ana tone su wajen Yuli ko Agusta, a rarraba, a yar da tsohuwar saiwa, a rage ganyen zuwa santimita 15.