Neman kalma: yaya za mu ce "gauge" na layin dogo? (za a naɗi murya ranar Alhamis)

Hajiya Binta: Salamu alaikum malamai. Ana sa wa wani shiri na talabijin kan aikin reluwe muryar Hausa. An nuna kashi na farko, masu kallo kuma sun yi ta ƙorafi kan abu guda: mai gabatarwa ya ce jirgin Abuja ba zai iya zarcewa Kano daga tashar Rigasa ta Kaduna a kan tsohon layi ba saboda "geji", mutane suka ɗauka iskar taya ake nufi. Kashi na biyu kusan duk a kan wannan yake. Ina neman kalmar "gauge", da "standard gauge", da "narrow gauge". Kada ta yi tsawo, dole murya ta ƙare kafin hoto ya wuce.

Injiniya Garba: Wa alaikumus salam. A fara da sanin abin da ake aunawa tsakanin ƙarafan dogo biyu. Ba daga tsakiyar ƙarfe zuwa tsakiyar ɗaya ba ne, kuma ba daga baya zuwa baya ba. Daga cikin wannan ƙarfe ne zuwa cikin wancan, milimita 14 ƙasa da saman da ƙafar jirgi ke takawa, domin nan ne leɓen ƙafar yake gogawa. Tsohon layin Legas zuwa Kano milimita 1,067 ne, na Idu (Abuja) zuwa Rigasa 1,435. Bambancin 368. Ƙafafu biyu na tarago a matse suke jikin sandar ƙarfe guda, ba a matsar da su. Ni "faɗin layi" nake ba da shawara.

Malam Tukur: "Tazarar dogo". Faɗi na abu mai jiki ne, kamar tabarma ko yadi. Nan kuwa sarari ne tsakanin abu biyu.

Injiniya Garba: Malam, tazara tana da aiki biyu a reluwe tun kafin a zo nan: tsakanin jirgi da jirgin da ke bin sa, da kuma tsakanin layi biyu da ke jere a tasha. In aka ɗora mata na uku, mai sauraro zai ɓace. Haka "rata", kafin wani ya kawo ta: ita ce ɗan sararin da ake bari a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe a tsohon layi, don in rana ta gasa shi ya miƙe ya sami wurin shiga.

Issaka na Maraɗi: Mu nan kalmar Faransanci ma'anarta tazara ce tsaf. Sai dai in an ce tazara a rediyo, rabin jama'a tazarar haihuwa za su ji, sauran rabin su tuna tazarce.

Allah-gafarta Malam Hadi: Duk kun tafi neman fassara, shi ya sa kuka rasa. Bahaushe da jiki yake ba abu suna: bakin kogi, gindin bishiya, kan jirgi, ƙafar mota. Ƙarafa biyu kafaɗu ne, abin da ke tsakaninsu ƙirji ne. ƘIRJIN DOGO. Babban ƙirji, ƙaramin ƙirji. Gajere, Hausa tsantsa, ba aro.

Hajiya Binta: Allah ya gafarta Malam, ta yi daɗin baki, amma zan buƙaci jimla biyu in bayyana ta, ga shi daƙiƙa shida kawai nake da su.

Baba Ɗan Reluwe: A bakin aiki geji ake cewa. Ma'aikacin layi yana da sandar awo mai ƙugiya a gefe guda, ya ɗora ta kan ƙarafan ya karanta. Sunanta geji. In an ce "geji ya buɗe", kowa ya san me ake nufi: katakon da ke ƙarƙashi ya ruɓe, ko maƙalan ƙarfen sun yi sako-sako, ƙarafan sun ware, musamman a kwana inda nauyi ke tura ƙarfen waje. In ya ci gaba da buɗewa, ƙafa ɗaya ta zame ta faɗa ciki, tarago ya sauka. In kuma ya tsuke, leɓen ƙafa ya hau kan ƙarfe. Da gangan ma ake ƙara 'yan milimitoci a kwana mai tsanani don kada ƙafafun su cije. Wa zai tsaya yana cewa ƙirji ya buɗe?

Allah-gafarta Malam Hadi: Ga irinta nan. Duk abin da Bature ya bari sai mu lanƙwasa shi mu ce Hausa ce. Larabawa da Faransawa suna da majalisun harshe, mu muna da faci da bakanike.

Baba Ɗan Reluwe: To Malam a cire tasha, a cire tikiti, a cire direba. Milimitar ma da Injiniya ya kawo, daga wace unguwa take a Kano?

Malam Tukur: Baba, aro ba laifi ba ne in babu ruɗani. Nan akwai. Mai kallo a Funtuwa geji biyu ya sani: na taya da na mai. Shi ne ainihin ƙorafin da Hajiya ta kawo.

Issaka na Maraɗi: Kuma ku tuna shirin yana tsallake iyaka. Geji Hausar Najeriya ce, ba kowa ne a Damagaram zai gane ta ba. Kullum a yanke a Kano a aiko mana.

Allah-gafarta Malam Hadi: Ƙirji dai har Agadas an san shi.

Injiniya Garba: Mu koma kan aikin Hajiya. Abin da na fi tsoro ba "gauge" ba ne, "standard" ne. 'Yan jarida sun saba cewa "layin dogo na zamani". Kuskure ne. Faɗin 1,435 na George Stephenson ne, a kansa aka buɗe layin Liverpool zuwa Manchester a 1830, majalisar Ingila ta yi doka a kansa a 1846. Ya girmi dogon da ya iso Kano a 1911 nesa ba kusa ba. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 shi ne sabo, ba faɗinsa ba. Japan da Afirka ta Kudu suna da jiragen lantarki a kan 1,067, su ma na zamani ne.

Malam Tukur: To "mai faɗi" da "matsattse".

Injiniya Garba: Matsattse ya yi. "Mai faɗi" a ajiye shi, akwai masu shi: Indiya 1,676, Rasha 1,520. Ranar da za a fassara shiri kan jiragen Indiya za a neme shi a rasa. Na 1,435 shi ne fiye da rabin layukan duniya suke kai, don haka "na gama-gari".

Issaka na Maraɗi: Matsattsen ma ba ɗaya ba ne. Na Yamai zuwa Doso da na Kamaru mita guda ne cif, 1,000. Tsofaffin layukan Gana da na Najeriya 1,067. Ana iya shimfiɗa ƙarfe na uku a haɗa 1,067 da 1,435 a layi ɗaya, amma tsakanin 1,000 da 1,067 ba ya yiwuwa: milimita 67 ya yi kaɗan, babu wurin da ƙarfe na uku zai zauna. Wanda ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi na 1,435 ne. Saboda haka Hajiya, a faɗi lambar ko sau ɗaya.

Baba Ɗan Reluwe: Har da tsohon ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, 762, wanda aka rufe a 1957. Kusa da shi namu na Kano ƙato ne.

Allah-gafarta Malam Hadi: "Gama-gari" kalmar raini ce. Kayan gama-gari kayan banza ne a kasuwa.

Malam Tukur: Yajin aikin gama-gari fa? Ruwan dare gama duniya fa? Ba raini a ciki.

Hajiya Binta: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan kai ɗakin naɗi: "faɗin dogo", domin "faɗin layi" zai iya zama filin da aka share wa hanyar gaba ɗaya. Karon farko za a ce "faɗin dogo, wato sararin da ke tsakanin ƙarafan biyu", tare da lamba. Sandar awon za ta ci gaba da zama geji, kamar yadda Baba ya ce, tunda ana ganin ta a hoto. Tsohon layi "matsattse". Na 1,435 zan rubuta "faɗin gama-gari" da fensir, in furodusa ya ƙi sai mu ce "faɗin da aka fi amfani da shi a duniya" mu rage wata jimlar.

Malam Tukur: Har yanzu ina ganin tazara ta fi daidai, amma kunne zai fi karɓar faɗi. A tafi da shi.

Allah-gafarta Malam Hadi: Ban yarda ba, na dai yi shiru. In kun zo kan "ballast" a kashi na uku ku neme ni, ina da kalma.

Baba Ɗan Reluwe: Tsakuwa ce, Malam.